Tsufar da taragu da gine-ginen ƙaramin layin dogo

Sani Marwa: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina haɗa ƙaramin samfurin tashar jirgin ƙasa ta Ngaundare, a Kamaru, a ma'aunin HO, wato 1:87. Taragun kaya da ɗakin ajiya duk na roba ne, sai ƙyalli suke yi. Ta ina ake farawa don su yi kama da waɗanda suka sha hanya?

Malam Bappa Garwa: Wa alaikumus salam ƙanena. Wanki ne farko. Roba tana zuwa da maiƙon masana'anta da na hannu, fenti ba ya kama ta. Cire ƙafafun taragon da gilasan taga, ka wanke da ruwan ɗumi da ɗigon sabulun wanke-wanke da tsohon buroshin haƙori, ka bar su su kwana. Ginin ka fesa masa fentin shimfiɗa, wato shafin farko, mai ruwan toka daga nisan santimita 25 zuwa 30, shafi biyu marasa kauri, da tazarar minti 15. Ka fara gwada gwangwanin a kan cokalin roba, don wasu fentin mota tinarsu na cin roba ta yamutse. Kuma ka yi aikin bayan sallar asuba. A zafin Maris da Afrilu fentin yakan bushe tun a iska, ya sauka kamar yashi.

Injiniya Ngaundare: Malam ya yi daidai, amma taragon da ya zo da lambobinsa kada a rufe shi da shimfiɗa. A fesa masa verni, wato shafin kariya marar launi, mara sheƙi kawai, shi zai kashe ƙyallin ya ba garin tsufarwa wurin kamawa.

Sai launi. Layin ya iso Ngaundare a 1974, kuma daga Yawunde tafiyar ta haura kilomita 600, yawancinta cikin jar ƙasa. Don haka ƙurar taragunmu ja ce mai ruwan ɗorawa, ba farar ƙurar Marwa ba, ba kuma baƙin dattin da ake gani a hotunan Turai ba. Ƙura daga ƙasa take hawa, ta fi yawa a ƙafafu da gindin tarago. Hayaƙin dizal daga sama yake sauka, kan rufin inji da taragun da ke binsa. Tsatsa kuwa inda ruwa ke kwanciya take fitowa: kan ƙusoshi, bakin ƙofa, lungun ƙarfe. Taragon mai yana da baƙin zirin da ya gangaro daga murfi. Na shanu ƙasansa ne ya fi ɓaci, saman katakon kuma rana ta koɗe shi.

Af, layinmu faɗinsa mita ɗaya ne. In kana son daidai, dogon HOm mai milimita 12 za ka nema, ba na HO mai 16.5 ba.

Sani Marwa: Na gode Yaya. Yaya ake haɗa ruwan dattin da ke shiga lungu?

Injiniya Ngaundare: Fentin akirilik kashi 1, ruwa kashi 10, da ɗigo guda na sabulun ruwa. In babu sabulun, ruwan zai dunƙule a kan robar ya bar tabo mai zobe. Haɗa fenti ruwan ƙasa da ɗan baƙi, baƙi zalla yana da tsanani. Ja buroshin daga sama zuwa ƙasa, yadda ruwan sama ke gangarowa, ka tsane rarar da auduga. Shafi uku masu rauni sun fi guda mai kauri.

Abakar Injamena: Mu nan Chadi babu layin dogo, balle shagon kayan wannan aiki. Garin tsufarwar da ake gani a intanet, akwai madadinsa?

Hajiya Kusiri: Akwai, ɗana. Nemi allin masu zane busasshe, ba mai maiƙo ba, a inda ake sayar da kayan makaranta. Ja, ruwan ƙasa, ruwan ɗorawa da baƙi sun isa. Goga shi a kan sanfefa ya zama gari, ka ɗiba da busasshen buroshi mai laushi. Gawayi da aka daka ya yi laushi yana maye baƙin. Jar ƙasa ta gaske ma tana yi a ƙasan tasha: a tankaɗe ta da rariyar shayi, a soya ta a tsohon kasko don ta bushe sarai, a manne ta da farin gam na kafinta kashi 1 cikin ruwa kashi 3. Amma lallai a bi ta da maganaɗisu kafin a zuba. Duk ɓarɓashin ƙarfen da ya saura, motar injin za ta janye shi ya shiga giya.

Malam Bappa Garwa: Hajiya, garin allin nan fa verni yana cinye shi, musamman mai haske. Ni dai shawarata a zuba fiye da yadda ake so, sannan a fesa.

Hajiya Kusiri: Haka ne Malam, amma a tarago kawai, tunda shi ake ɗauka da hannu. Ginin da ke zaune wuri ɗaya ba ya buƙatar verni a kan gari. A taragon ma gara a zuba kaɗan, a fesa daga nesa, a sake zubawa. Wanda ya cika tun farko ba ya komawa baya.

Kan ginin ne nake so in tsaya, don rufin kwano shi ido ke fara gani. Tsakanin tudu da tudu na kwanon gaske milimita 76 ne, a HO bai kai milimita ɗaya ba. Samo takardar alminiyon mai ɗan kauri, irin ta mazubin abinci, ka shimfiɗa ta a kan kwali, ka mirgina bol na M6, wato ƙusa mai zare mai kaurin milimita 6, a kai da ƙarfi. Tazarar zarensa milimita ɗaya ce, ya yi kusa sosai. Yanka falle-falle, kwanon mita 2 ya zama milimita 23, ka jera su bakin wani a kan wani. Shafa fenti mai launin tsatsa a duka rufin ya bushe, ka ɗan jiƙa shi, ka barbaɗa gishiri a gefen fallayen da wajen ƙusa. In ya kama, ka fesa fenti ruwan toka mai haske. Fesawa fa, buroshi zai kwashe gishirin. Washegari ka karkaɗe, tsatsar za ta leƙo ta ƙasa. Kada fallayen su zo iri ɗaya, bar biyu ko uku kamar sababbin canji. A bango kuma, ja jar ƙura a gindi kamar milimita 6, inda ruwan indararo ke fallatsa laka.

Sani Marwa: Allah ya saka da alheri. Dogon fa, shi ma ana masa fenti?

Injiniya Ngaundare: Gefensa kaɗai, da ruwan ƙasa mai duhu. Goge saman da tsumma tun fentin yana ɗanye, don ta nan wuta ke bi zuwa inji. Haka fuskar ƙafar da ke taka dogo, da ƙarfen da ke juya hanya, kada fenti ya taɓa su, in ba haka ba jirgin zai riƙa tsayawa.

Malam Bappa Garwa: Kuma ka kula da lokaci. Verni a ranar da hadari ya haɗu cikin Agusta yakan yi fari saboda laima, sai a jira rana ta buɗe. Da hunturu kuma kifa kwali a kan aikin da zarar ka gama fesawa, ka bar shi awa 24 kafin ka mayar da gilasai da ƙafafu.