Bayan baftisma, a kan me za a ɗora sabon mai bi?

Ɗan Zango:
Salama a gare ku 'yan'uwa. A ikilisiyoyinmu na nan Damagaram ajin baftisma yana tafiya da kyau, amma da an fito daga ruwa sai koyarwa ta tsaya. Bayan shekara biyu mutum yana zuwa sujada kowace Lahadi, amma fushinsa da bakinsa suna nan yadda suke. Masu koyarwa, wane tsari za a ba shi a hannu, na karatu da na zaman yau da kullum?

Tsohon malamin aji:
Ɗan'uwa, kuskuren farko shi ne a miƙa masa Littafi Mai Tsarki a ce ya fara daga Farawa ran 1 ga Janairu. Littafin sura 1189 ne. Mai son gama shi cikin shekara sai ya karanta uku kowace rana, biyar ran Lahadi. Farawa sura 50, Fitowa 40, ke nan wajen ƙarshen Janairu ya shiga Littafin Firistoci, inda labari kaɗan ne, yawanci dokokin hadaya ne da na tsarki. Nan yawanci ake yada zango. Kwana huɗu suka wuce, bashi ya kai sura 12, kunya ta kama shi, ya rufe littafin.

A shekarar farko a ba shi Sabon Alkawari kaɗai. Sura 260 ne, wato sura ɗaya a rana, kwana biyar a mako, mako 52 daidai. Asabar ta biyan bashi ce, Lahadi kuma ta wa'azi. Ya fara da Markus don sura 16 ce kuma labarin yana gudu, sai Luka da Ayyukan Manzanni a jere tun da marubucinsu ɗaya ne. Romawa da Ibraniyawa su jira tsakiyar shekara, Wahayi can ƙarshe, shi ma tare da malami.

Ya sayi kaye da bik. Kowace rana layi uku: me wurin ya ce game da Allah, me ya ce game da mutum, wane abu ɗaya zan yi kafin dare. Layi na ukun nan shi ne aikin. In ya rubuta “zan ƙara ƙauna”, bai rubuta komai ba. “Zan biya mai shago jika biyun da yake bina”, wannan ana iya bincikarsa. Minti 20 ya isa, kuma da asuba, domin a Afrilu da Mayu wanda ya wuni cikin rana ya dawo ya tarar an ɗauke wuta ba zai buɗe littafi ba.

Mama ta zumunta:
Baba, tsarin ya yi, amma na masu karatu ne. Mata da yawa a zumunta ba su iya boko ba, matasa kuma sun yi lakwal da Faransanci, Hausa a rubuce tana yi musu nauyi. A sa musu Sabon Alkawari na sauti a salula, su ji sura ɗaya sau biyu, su maimaita labarin da bakinsu ga wani a gida. Haddar aya ɗaya a mako ta ishe su. Sai dai aji ya tsaya kan juyi ɗaya: na 1932 yana cewa Matta da Yohanna, na 1979 Matiyu da Yahaya, kalmomin ma sun bambanta, in aka gauraya hadda ba ta zama.

Maganar fushi da baki kuwa, karatu shi kaɗai ba ya taɓa su. Matiyu 18:15-17 ta shimfiɗa hawa uku: ka je wurin wanda ya yi maka laifi ku biyu kaɗai, in bai ji ba, ka tafi da mutum ɗaya ko biyu, in ya ƙi, sannan ikilisiya. Mu kan fara daga na uku. Laifin ya zagaya WhatsApp ko ya shigo taro da sunan “ku taya mu addu'a”, mai laifin shi ne na ƙarshen ji. Wannan tsegumi ne aka sa wa rigar addu'a, kuma yana kashe sabon mai bi da sauri. A koya masa ya je cikin kwana biyu, ya faɗi abin da aka yi ba halin mutumin ba, kada ya haɗa da laifin bara.

Dattijo daga Birni:
Mama ta faɗi gaskiya. Ƙarina shi ne kada a bar shi shi kaɗai. Tun ranar baftisma a haɗa shi da babba ɗaya, namiji da namiji, mace da mace, su zauna awa ɗaya kowane mako har wata shida. Ba fasto ba, aiki ya yi masa yawa. Babban ya duba kayen, ya yi tambaya kan kuɗi, aure da harshe, su yi addu'a, kuma abin da aka faɗa ya tsaya nan. In sirri ya fita sau ɗaya, zaman ya mutu.

Wajen auna ko halinsa ya sāke a ɗauki Galatiyawa 5:22-23, inda aka lissafa halayen da Ruhu yake haifarwa kamar ƙauna da haƙuri, a tambayi matarsa ko abokin sana'arsa a kasuwar Dole, ba masu jin muryarsa a mawaƙa ba. Maƙwabtanmu Musulmi ne, su suke ganin haƙurinmu a layin famfo. Wasu da suka ga ƙona majami'u ran 16 ga Janairu 2015 har yau suna janye jiki daga unguwa, sababbi kuma suna koyi da su. Babban ya riƙa tafiya da shi suna da ta'aziyya da gaida mara lafiya, ya ga yadda ake amsa tambayar bangaskiya da ladabi kamar yadda 1 Bitrus 3:15 ta nuna.

Tsohon malamin aji:
Na karɓi gyaran Mama. Ga marar boko, babban nasa ne zai riƙe kayen, ya rubuta masa layi na uku, mako mai zuwa ya tambaye shi ko an yi.