"Kanon" ɗin nan, me za mu kira shi da Hausa?

1/ Jama'a, ku zo mu haɗa kai. Ina koyar da wani aji da Hausa kan yadda littattafai 27 na Sabon Alkawari suka taru wuri guda, sai na yi karo da kalmar da masana ke kiran jerinsu da ita: kanon. Na rubuta "Kanon Sabon Alkawari" a allo, wani ɗalibi ya ɗaga hannu: "Malam, ashe har Kano ta shiga Littafi Mai Tsarki?" Aji ya kwashe da dariya, kuma da gaskiyarsa. Kunnen Bahaushe in ya ji Kanon, Dabo yake jira ya biyo baya. A cocin Angilika kuwa Kanon muƙami ne na limami. Aron nan dai bai karɓe mu ba.

2/ Asalin kalmar Girkanci ce, tana nufin miƙaƙƙen kara ko sandar da magini da kafinta ke awo da ita. Daga nan ta koma nufin abin da ake gwada daidai da karkatacce da shi. Da wannan ma'anar Bulus ya yi amfani da ita a Galatiyawa 6:16. Ita ce kuma Larabawa suka ara ta zama ƙanun, wato doka. Sai a ƙarni na 4 ta soma nufin jerin littattafai. A shekara ta 367 Atanasiyus, bishop na Iskandariyya, ya aika wa ikilisiyoyin Masar wasiƙar da ya saba aikawa ta sanar da ranar Ista, a ciki ya lissafa 27 ɗin nan daidai da yadda muke da su yau.

3/ Da na tambayi abokan aiki, na farko ya ce "jeri" kawai. Jeri ya yi sauƙi da yawa, ko cefane ma jerinsa ake yi.

4/ Wani ya ce "kundi", na kuwa daɗe ina juya ta, don tana da nauyi: ga kundin tsarin mulki. Amma ku tuna kundin malami na asali, takardu ne a cikin gafaka, yau ya samo wata fa'ida ya cusa, gobe ya ƙara wata, har ya bar wa ɗansa shi ma ya ɗora. Kundi bakinsa a buɗe yake. Abin da muke nema wa suna kuwa, rufe bakin nan shi ne dukan zancen.

5/ Wadda ta fi jan hankalina ita ce ta wani abokina malamin hadisi: "ingantattu", ko "sahihai". Kowa zai gane, kuma akwai ƙamshin gaskiya, domin ikilisiyar farko ta damu da ko littafi ya fito daga manzo ko daga wanda ya zauna da manzo. Sai dai kalmar za ta shigo da kayan da ba na gidan ba. A ilimin hadisi, in ba a san mai ruwaya ba, hadisin ya raunana. To ga wasiƙar Ibraniyawa: babu sunan kowa a kanta. Tartuliyan, wani malamin ikilisiyar farko, ya ce Barnaba abokin tafiyar Bulus ne, Martin Luther daga baya ya ce Afolos, wani mai wa'azi na zamanin Bulus, shi kuwa malami Orijin tun ƙarni na 3 ya ce wanda ya rubuta ta Allah ne ya sani. Duk da haka tana ciki. Ga kuma littafin Makiyayi na Harmas, an san sunan mai shi, an san a Roma yake, mutane na son littafin ƙwarai, amma yana waje. In na ce "ingantattu", ɗalibi zai ɗauka an bi sarƙar masu ruwaya ɗaya bayan ɗaya, alhali ba haka aikin ya gudana ba.

6/ Ga yadda ya gudana, a misali guda. Wajen shekara ta 200, Serafiyon, bishop na Antakiya, ya ziyarci wani gari da ake kira Rosus, ya tarar ana ja-in-ja kan wata bishara mai ɗauke da sunan Bitrus. Bai karanta ta ba, ya ce in wannan ne kaɗai ya hana ku zaman lafiya, ku karanta abinku. Bayan ya koma gida sai ya ji irin koyarwar da masu riƙe da ita ke yi. Ya aro littafin, ya zauna ya bi shi, ya ga yawancinsa ya yi daidai da abin da aka gada amma an cusa wasu abubuwa, ya rubuto musu ya janye izininsa. Sunan Bitrus a goshin littafin bai cece shi ba. Ɗora shi aka yi a kan bangaskiyar da ake da ita, aka ga bai cika ba.

7/ Shi ya sa na tsaya a kan "ma'auni". Ma'aunin Sabon Alkawari. Littattafan ma'auni. Littafi kaza ya shiga ma'auni, kaza bai shiga ba. Na gwada a baki, duka sun zauna.

8/ Na san za a ce ma'auni ai abin awo ne, mu kuwa abin da aka auna muke nufi. Haka ita ma ta Girkancin take, kuma abin da ya sa nake son ta ke nan. A kasuwa ma in ka ce "ba ni mudu biyu", ba kwanon kake so ba, geron kake so. Littattafan nan an fara auna su, da suka zauna kuma su suka zama abin da ake auna kowace koyarwa da su. Ban sami wata kalmar da ke ɗaukar fuskokin nan biyu ba.

9/ Wani abin kuma, duk mai sayen hatsi ya san mudun wannan kasuwa ba lallai ya yi daidai da na waccan ba. Markiyon, wanda ikilisiyar Roma ta kora wajen 144, nasa Luka ne da ya yi wa aski da wasiƙun Bulus 10, shi ke nan. Feshitta, fassarar Kiristocin Siriya, 22 ta ɗauka, ba Bitrus ta biyu, ba Yahaya ta biyu da ta uku, ba Yahuza, ba Wahayi. Tarukan shugabannin ikilisiya na Hippo a 393 da Kartaj a 397, a ƙasashen da yau suke Aljeriya da Tunisiya, sun tsaya a kan 27. In aka haɗa da Tsohon Alkawari, yau ɗin nan Furotesta na da 66, Katolika 73, cocin Habasha 81. "Ma'aunin Katolika" da "ma'aunin Habasha" ba su zagi kowa ba. Ku gwada cewa "ingantattun Katolika" a gaban ɗan wata ɗarika ku ga inda zance zai kai.

10/ Batun marubuci kuma, kada mu yi saurin cewa "jabu". Wasiƙu 13 ke ɗauke da sunan Bulus, 7 ne kusan dukan masana suka yarda nasa ne ba gardama: Romawa, Korantiyawa biyu, Galatiyawa, Filibiyawa, Tasalonikawa ta farko da Filimon. Sauran ana jayayya, wasu na cewa almajiransa ne suka rubuta da sunansa, wasu na cewa shi ne. "Jinginannu" ta fi adalci, ta faɗi cewa an jingina masa, ba ta yanke hukunci ba. Mu kuma raba mai magana da magatakarda: a Romawa 16:22 wani Tartiyus ya leƙo ya yi gaisuwa, ya ce shi ya rubuta wasiƙar, kuma wannan bai hana ta zama ta Bulus ba.

11/ Saura wadda ta gagare ni. Atanasiyus ya ware wasu littattafai, irin su Makiyayi da Koyarwar Manzanni, ya ce ba sa cikin jerin amma a karanta wa sababbin shiga. A wani tsohon kwafin Littafi Mai Tsarki na ƙarni na 4 da aka samo a Sina'i, bayan Wahayi sai ga wasiƙar Barnaba da Makiyayi an ɗora. A aji na ce musu kamar gyara ce: mai awo ya cika mudu, ya ƙara maka ɗan hannu, ka kai gida ka ci, amma ba ta cikin lissafi. Sun gane nan take. Sai dai "littattafan gyara" a rubuce za a ɗauka na gyaran kuskure ne, ko ma na gyaran mota. Ranar Asabar zan koma ajin, mai wata kalmar ya ajiye mini kafin nan.