Gurnani a rikodin karatun Malam: katin sauti ne ko wuta?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni nake ɗaukar karatun Malam na bayan magariba a masallacin unguwarmu, in tura wa ɗalibai ta WhatsApp. Na jawo wayar sauti daga mikisar masallaci, wato na'urar da ke haɗa sautin makirufo, na soka a ramin makirufo na laftof ɗina, ina ɗauka da manhajar ɗaukar sauti ta Audacity. Abu biyu ke damuna. Akwai wani gurnani a ƙasa-ƙasa, "huuum", ba ya yankewa. Sannan da Malam ya ɗaga murya sai ta fashe kamar tsohuwar rediyo. Jiya wata dattijuwa ta aiko cewa ba ta ji ayar da aka ja ba, wallahi sai da na ji kunya. Wani ya ce katin sautin, wato ɓangaren laftof da ke karɓar sauti, ba shi da kyau, ƙirar kamfanin Realtek ne, wai in sauya kwamfuta. Don Allah a ba ni shawara kafin in yi asarar kuɗi.

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kar ka taɓa aljihunka tukuna. Gobe ka zare cajar laftof ɗin, ka ɗauki minti biyu da batir kaɗai. In gurnanin ya ɗauke, katin ba shi da laifi, wuta ce. Wutarmu 50 Hz take, wato tana kaɗawa sau hamsin a daƙiƙa guda, kuma idan mikisa na jone a wani soket, laftof a wani, wannan kaɗawar kan biyo wayar sauti ta shigo rikodi. Amma kar wani ya ce ka karya ƙafa ta uku ta filogi, ita ke kare mutum in wuta ta zuba a jikin na'ura.

Amsa ta biyu: Fashewar kuwa daban ce, ni ma ta ba ni wuya sa'ad da nake ɗaukar wa'azin walima. Ramin makirufo an yi shi ne don sigina mai rauni ƙwarai, mikisa kuma tana turo kusan bolt guda. Kamar ka tara kofin shayi a bakin famfon burtsatse ne. Shiga saitin sauti na Windows, ka mayar da Microphone Boost, wato mai ƙara wa makirufo ƙarfi, zuwa 0, ka kashe duk gyare-gyaren da ke ƙarƙashin Enhancements, ka rage fitar mikisar. Kalli ma'aunin ƙarfin sauti na Audacity lokacin da Malam ya fi ɗaga murya, ba lokacin sallama ba: ya tsaya tsakanin -12 da -6, kar ya taɓa 0. In ka samu hali, sayi ƙaramin katin sauti na USB mai ramin layi, wato ramin da aka yi don sigina mai ƙarfi irin na mikisa, kamar Behringer UCA202. Ya ishe ka. Focusrite Scarlett ya fi shi, amma karatu ne kake ɗauka, ba situdiyo ka buɗe ba.

Amsa ta uku: Ku daina wahalar da bawan Allah. Noise Reduction, mai rage hayaniya a rikodi, yana nan cikin Audacity, ya danna kawai.

Mai amsa ta biyu: Yallaɓai, yana rage gurnani, gaskiya ne, amma in an matsa masa sai muryar Malam ta koma kamar daga cikin randa yake magana. Muryar da ta riga ta fashe kuwa, saman igiyar sautin ne ya yanke, ba ya dawo da shi.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Na zare caja, gurnani ya ɗauke ɗif! Boost ɗin ashe a +30 yake. Saura matsala guda: batirin minti 40 yake yi, karatu kuma yakan haura awa.

Mai amsa ta farko: To jona cajar a soket ɗin da mikisar take, ka nisanta wayar sauti da ta wuta. In bai bari ba, nemi ground loop isolator wurin masu kayan sautin mota, ɗan ƙaramin abu ne da ake sawa tsakanin mikisa da kwamfuta don yanke irin wannan gurnani. Ka gwada shi ranar da aka tada janareta ma.