Accord 2009 tana ƙara da safe in an ta da ita

Mai Accord: Assalamu alaikum. Honda Accord 2009 ce, inji 2.4. Da safe in na ta da ita sai ta yi "garrr" kamar ana jan sarƙa a kan kwano, daƙiƙa 2, sai ta yi shiru. Da rana ba ta yi. Mene ne?

Bakanike: Wa alaikumus salam. Alamar giyar VTC ce, mai daidaita lokacin buɗewar bawul, wadda ke bakin kamshaf na shigar iska. Akwai ɗan fil a cikinta mai kulle ta idan an kashe mota. In ya daina kamawa, baƙin mai kuma ya tsiyaye cikin dare, sai giyar ta yi ta bugawa har mai ya hau. Fara duba sandar mai tukuna. Lita 4.2 take sha har da filta, 5W-20. Mai kaurin nan 20W-50 jinkirin hawa yake yi da sanyin safiya, ƙara dagula abin yake.

Oga Lantarki: Malam, kafin a buɗe inji, cire fambel ka ta da ita da safe, kada ta wuce minti ɗaya, don famfon ruwa ba ya juyawa. In ƙarar ta ɓace, matsalar tana ɗaya daga abubuwan da bel ke juyawa, kamar altaneta ko fulin da ke ɗaure bel.

Bakanike: Haka ne. In ƙarar tana nan, a canza giyar VTC ɗin, a duba sarƙar tayimin da tenshina mai ɗaure ta lokaci guda. Kwamfutar duba mota ta nuna lambar matsala P0341? To, mai yiwuwa sarƙa ce ta miƙe, kada a jinkirta, in ta tsallake haƙori fistin zai daki bawul.