Neman kalma: me za mu kira "headers" na mota da Hausa?

1/ Assalamu alaikum, kanikawa da masu sha'awar harshe. Bututan nan da ake ɗaura wa injin motar gudu bayan an kwance manifol na kamfani, waɗanda Turawa ke ce wa headers, har yau ba su da tsayayyen suna a bakinmu. A garejin Sakkwato kowa da abin da yake faɗi. Wani ya ce heda, wani ya ce manifol na tsere, wani ya haɗa komai ya ce salansa. Ina so mu raɗa musu suna, kuma ina da wanda na tsaya a kai. Amma bari in fara nuna abin da kansa.

2/ Kowace silinda idan ta ƙona mai, bawul zai buɗe, hayaƙi ya fito ta ƙofarta a jikin tof silinda, wato murfin saman inji. Manifol irin na zubin ƙarfe mai nauyi yana tare hayaƙin dukkan silindojin tun daga bakin ƙofa, ya cusa shi rami guda. Kamfani na son sa saboda arha, ga ƙarko, ga riƙe zafi da ƙara. Aibinsa shi ne hayaƙin wannan silinda yana karo da na waccan a hanyar fita. Su kuwa bututan da muke magana a kai, kowace silinda da nata. Zai lanƙwasa ya yi tafiyarsa shi kaɗai, sai can ƙasa su haɗu wuri guda.

3/ Dalilin wannan wahala ya kamata mu fahimta, don daga nan wasu sunayen suka fito. Hayaƙi bugu-bugu yake fita daga inji, kowace silinda da lokacinta. Duk bugun da ya wuce da gudu yana barin ja a bayansa. Akwai kuma ɗan lokaci ƙanƙani da bawul na shiga da na fita ke buɗe tare. Idan aka auna tsawon bututu da faɗinsa daidai, jan nan zai iso ƙofar silinda a daidai wannan lokacin, ya zuƙe ragowar hayaƙi, ya taimaka wa sabuwar iska da mai su shigo. Shi ya sa ba kowane bututu mai faɗi ne ke ƙara ƙarfi ba. In ya yi wa injin yawa, hayaƙin zai rage gudu, jan ya mutu, mota ta yi nauyin tashi a cikin gari.

4/ To, heda. Ni ba na gāba da aro. Sifana, fulogi, birki, giya, sitiyari, duk aro ne, kuma sun zama namu. Matsalar heda ita ce an riga mu. Ka shiga kowane gidan kallon ƙwallo a Mabera ko Runjin Sambo ka ce heda, kowa zai ɗauka wani ne ya sa kai ya ci raga. A gareji ma tana maƙwabtaka da hed gaskit da hedlait. Kalmar da za ka faɗa a waya mai kayan gyara ya aiko maka da wani abu daban, ba ta yi aikinta ba.

Masu cewa a fassara kai tsaye a ce "kawuna", wannan ba ya buƙatar dogon bayani. Bakanike zai kai hannu kan tof silinda ne.

5/ Salansa ita ce tukunyar baya mai kashe ƙara. Na yarda mutane sun faɗaɗa sunan ya mamaye layin hayaƙi tun daga inji har wutsiya, kuma zan yi amfani da wannan anjima. Amma ita kaɗai ba ta isa ba. "Na canza salansa" ba ya gaya wa kowa cewa an taɓa jikin inji.

Maƙogwaro ma an kawo shi. Maƙogwaro ɗaya ne, su kuwa huɗu ne, ko shida, ko takwas, kuma ya fi dacewa da hanyar da iska ke shiga. Wani ya ce yatsu, saboda kamarsu. Kama ta yi, amma a wurin da ake aiki da guduma da wutar walda, kar a mayar da "yatsa ya tsage" ko "yatsa ya ƙone" maganar ƙarfe.

6/ Wanda ya fi ba ni wahalar ƙi shi ne mazuƙi. Wani malamin Hausa ne ya kawo shi, kuma ginin kalmar ba shi da makusa: mabuɗi, matsefi, magogi, mazuƙi. Ya kuma kama ainihin aikin da na bayyana a sama. Allah ya ƙara wa Malam basira, na daɗe ina juya ta a baki. Abu biyu suka hana ni. Na farko, ka ce "mazuƙin hayaƙi" a gaban yaran gareji, hankalinsu ba ya zuwa kan mota, mashaya yake tafiya, kuma kalmar da ta fara da ba da dariya da wuya ta zauna. Na biyu ya fi nauyi: mazuƙi na kiran abin a dunƙule, ba ya ba ka hanyar nuna bututu guda. Alhali rabin maganar da ake yi a ƙarƙashin mota a kan bututu guda ne: wanne ya tsage, wanne ke yoyo, wanne ya taɓa waya.

Amma ba mu yar da shi duka ba. Aikin nan na ja, mu kira shi zuƙa. "Ba su da zuƙa sai inji ya hau sama" magana ce da kowane direba zai gane.

7/ Abin da na tsaya a kai: rassan salansa. A taƙaice, rassa. Bututu guda, reshe. Inda suka haɗu, mahaɗa.

8/ Na san abin da za a ce, don an riga an ce min: ai reshe daga gindi yake fita ya bazu, su kuwa waɗannan tattaruwa suke yi. Wannan reshen itace ne. Akwai reshen ruwa, kuma mu mutanen Sakkwato bai kamata a koya mana shi ba. Gulbin Sakkwato ya taso daga wajen Funtuwa, ya bi ta Gusau da Bakolori. Rima ya gangaro ta Goronyo. Kowanne ya yi tafiyarsa shi kaɗai, suka haɗu nan kusa da gari, suka zama ruwa guda ya nufi Argungu da Birnin Kebbi har ya faɗa Neja. Haka hayaƙi ke yi a cikin waɗannan bututa, daga rassa zuwa mahaɗa.

Mai cewa reshe na banki ne ko na ƙungiya, to mota ai tana da ƙafa, tana da ido, tana da ciki, ba wanda ya taɓa ruɗewa. A Afirka ta Kudu ma masu motoci da kalmar reshe suke kiransu a Turancinsu.

9/ Abin da ya fi gamsar da ni shi ne yadda sauran sunayen ke fitowa ba tare da an matsa ba. Akwai gajerun rassa, waɗanda ke zama daidai gurbin manifol, ba sa tilasta maka taɓa sauran layin, kuma ƙarin ƙarfinsu kaɗan ne. Akwai dogayen rassa, masu gangarawa har ƙarƙashin mota, su ne masu riba da kuma wahalar ɗauri. A inji mai silinda huɗu a jere, wanda ke tashin wuta 1-3-4-2, ana iya haɗa reshe na 1 da na 4, na 2 da na 3, sannan biyun su haɗu. Wannan huɗu-biyu-ɗaya ke nan, ya fi daɗin ja a tsaka-tsakin gudu. Idan huɗun suka faɗa mahaɗa lokaci guda, huɗu-ɗaya, ya fi nuna kansa in allurar juyin inji ta hau sama.

Sai rassa masu tsawo ɗaya da rassa masu bambancin tsawo. Duk wanda ya taɓa jin gurnanin tsohuwar Subaru WRX ya ji aikin bambancin tsawo: hayaƙin ɓangare ɗaya na isa mahaɗa kafin na ɗayan, sai ƙarar ta riƙa fita gutsi-gutsi. Masu Toyota 86 da Subaru BRZ, waɗanda suka fito a 2012 da inji mai lita 2, da yawa suna canza rassa ne saboda sanyin jiki da motar ke yi wajen juyi 4,000 a minti. Ita wannan motar tun daga kamfani da rassa ta zo, ba zubin ƙarfe ba, kuma sunan bai karye ba: a ce rassan kamfani, a ce rassan sauyi.

10/ Amma kalma a ƙarƙashin mota ake gwada ta. An ɗaura dogayen rassa a wata Chevrolet Camaro SS, irin ta 2010 zuwa 2015 mai inji V8 lita 6.2, a garejin wani dattijon bakanike da nake zama wurinsa. Tun daren jiya aka fesa wa kusoshin manifol man sassauta tsatsa, don irin wannan inji ya yi suna wajen karya kusoshin, musamman na baya, kuma tof silindarsa alminiyom ce, ba ta son gaddama. Da safe inji na sanyi ƙalau aka cire kan batir, aka zare fulogogi da wayoyinsu, aka cire bututun gejin baƙin mai. A ɓangaren direba sai da aka kwance sandar sitiyari, bayan an ɗaure kan sitiyarin da bel don kada ya juya ya tsinke wayar da ke naɗe a ciki. Daga ƙasa aka cusa rassan, ana murɗawa a hankali, yaro ɗaya na kwance yana turawa, ɗaya na sama yana karɓa.

Na faɗa wa Baba kalmar tun farkon aiki, bai ce uffan ba. Can da abu ya cije, sai na ji ya leƙa ya ce wa na ƙasan: "Kai, dakata. Reshen baya shi at taɓa sanda. Sassauta, ka jawo mahaɗa wajenka." Yaron ya ce, "To, Oga," ya jawo, abin ya zauna. Bai tambayi wane ne reshen baya ba.

11/ Tunda mun zo nan, ga abin da ya kamata mai son wannan aiki ya sani, da kalmomin da muke gwadawa. Sabon gaskit ake sawa, ba a mayar da tsoho. Kusoshi daga tsakiya ake fara ɗaurewa a nufi gefe, kaɗan-kaɗan, kuma bayan inji ya yi zafi ya huce a sake bi ta kansu. Idan da safe ka ji tik-tik-tik daga gefen inji, ya ɓace in mota ta ɗumama, duba bakin rassa, za ka ga baƙin kunkunniya inda yake yoyo. Wayar fulogi kada ta kusanci reshe, narkewa za ta yi.

Zafi kuwa mu ya fi shafa. Rassa siraran ƙarfe ne, suna fesa zafi cikin ɗakin inji fiye da zubin ƙarfe, mu kuma a watan Afrilu ma'auni na wuce 40. Wanda zai saya ya nemi na ƙarfe marar tsatsa mai lamba 304, in da hali wanda aka yi wa shafen siramik. Naɗin ƙyallen zafi na taimakawa, amma yana riƙe danshi da damina, ya ci baƙin ƙarfe ta ciki ba ka sani ba.

12/ Dogayen rassa suna tura sensa mai auna hayaƙi baya, sai mai wayarin ya ƙara mata tsawon waya, kuma suna cinye gurbin abin da kanikawanmu ke kira indomi, wato matatar nan mai ramuka da ke rage gubar hayaƙi. Nan ne mutane ke cire ta gaba ɗaya, fitilar gargaɗi ta kunnu a dashbod, kwamfuta ta nuna lambar matsala P0420 ko P0430, sai a je a toshe bakin biren bos, wato ƙwaƙwalwar da ke sarrafa inji. Ni ban goyi bayan wannan ba. Hayaƙin da ka daina tacewa, mai kabu-kabu da ke bayanka a shataletalen Gawon Nama shi zai shaƙa, da yarinyar da ke talla a bakin titi. Akwai rassan da ake haɗawa da matata mai saurin wucewa, a sa su. Kuma a kai motar wurin wanda ya iya saita biren bos, don in ba a daidaita mai da sabuwar zuƙar ba, galibin kuɗin da aka kashe ƙara kawai ya saya. A bar tukunyar salansa a wurinta, unguwa akwai marasa lafiya da jarirai.

13/ Saura "na sauyi" da na yi amfani da shi a sama. Da gangan na guji cewa na kasuwa ko na waje, don kunnen Bahaushe zai ji jabu ko gwanjo, alhali rassan sauyi masu kyau tsada gare su. Na sauyi na nufin wani kamfani ne daban ya ƙera shi don a ɗaura a madadin na asali, ko mai kyau ne ko marar kyau.

Wanda zai yi odar kaya daga Ladipo a Legas dole ya rubuta sunan Turancin, ya haɗa da hoto da shekarar mota da girman inji. Amma in Ƙofar Ruwa ta Kano za ka kira, ko wani ɗan'uwa da zai shigo da su ta Illela, gwada ka ce masa dogayen rassan salansa na sauyi, na Camaro mai silinda takwas, hagu da dama, da gaskit ɗinsu. Ku dawo ku gaya mana abin da ya amsa.