Feftayid mai kwashe kolesterol daga ƙwayoyin jiki: za a dace kuwa?

Auwal: Assalamu alaikum. Maganar da na fara jiya ce na dawo da ita, kuma ina nan a kan bakana. Ƙananan feftayid ɗin nan da ake ƙerawa a ɗakin bincike su ne za su kawo ƙarshen toshewar jijiyoyin zuciya. Statin, maganin rage kolesterol da ake sha, hana hanta sarrafa sabon kolesterol kawai yake yi, wanda ya riga ya daskare a bangon jijiya yana nan daram. Feftayid kuwa zuwa yake ya kwaso shi.

Hajiya Binta: Wa alaikumus salam. Auwal, a bi da mu a hankali, ba dukanmu ne 'yan kimiyya ba. Mene ne shi feftayid ɗin?

Auwal: Afuwan, Hajiya. Ki ɗauki furotin kamar doguwar sarƙa, kowane zobe a jikinta shi ne amino asid. Guntun sarƙar shi ake kira feftayid. Akwai furotin a jininmu mai suna apoA-I, zobensa 243, shi ne ƙashin bayan HDL, wanda ake ce wa kolesterol mai kyau. Ƙwayoyin jiki ba su iya narkar da kolesterol, sai dai su miƙa shi waje ta wata ƙofa da ake kira ABCA1, apoA-I ya karɓa, a kai wa hanta, ita kuma ta zubar da shi ta madaciya. In kwasar ta yi rauni, ƙwayoyin garkuwar jiki da ke cikin bangon jijiya su yi ta haɗiya har su kumbura su koma kamar kumfa, daga nan toshewa ke farawa. To tun shekarun 1980 su Segrest da Anantharamaiah na jami'ar Alabama a Amurka suka gano ba sai an haɗa duka 243 ba. Zobe 18 ma ya isa, muddin ya murɗe ya zama mai fuska biyu, ɗaya tana son ruwa, ɗaya tana son mai.

Dakta Rabi: Bayanin ya yi, ƙanena, amma ka fara da kuskure. Statin mai ƙarfi yana rage daskararren ma, ko da kaɗan ne, an auna haka a gwajin ASTEROID a 2006. Kuma tun 1994, a gwajin 4S mai mutum 4,444, aka ga ya rage mace-mace da kusan kashi 30 cikin 100. Shi naka wa ya hana mutuwa? Mu da muka daɗe muna duba masu ciwon zuciya mun sha jin wannan kirarin na HDL. Maganin torcetrapib ya ɗaga HDL da sama da kashi 70, aka dakatar da gwajinsa a Disambar 2006 saboda masu shan sa sun fi mutuwa. Maganin niacin ma ya ɗaga, bai tsinana komai ba.

Auwal: Anti Dakta, waɗannan ai yawan HDL suka ƙara, ba aikinsa ba. Tara motocin kwasar shara daban, kwasar sharar daban. A binciken zuciya na Dallas da aka buga a 2014, waɗanda jininsu ya fi ƙarfin janye kolesterol daga ƙwayoyi sun fi tsira daga ciwon zuciya, ko da lambar HDL ɗinsu ɗaya ce da ta wasu.

Nura: Bari in sa baki a nan, don wannan awon da hannuna na yi shi wata da watanni. Ana shuka ƙwayoyin makrofej, wato ƙwayoyin garkuwar jikin da Auwal ya ce suna haɗiyar kolesterol, a faranti mai ramuka, a ɗura musu kolesterol mai alama, a zuba feftayid, bayan 'yan awanni a tsotse ruwan sama a ga nawa ya fito. Wata rana wani feftayid da muka haɗa ya ba ni lamba wadda ban taɓa gani ba, har na fara tunanin taken takarda. Da na sa farantin a madubin ƙara girma sai na ga ƙwayoyin sun yayyage, wasu sun tashi suna yawo a ruwa. Ashe ba kwasa ya yi ba, fasa su ya yi. Abu mai fuskar ruwa da fuskar mai ai sabulu ke nan, in ya yi ƙarfi da yawa fatar ƙwayar zai wanke gaba ɗaya. Wannan matsalar ce ta sa su Alan Remaley na NIH, cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka, suka ƙera feftayid ɗin 5A: murɗe biyu da aka haɗa da amino asid ɗin prolin, aka raunana ɗayan da gangan ta hanyar sa alanin a wuri biyar, don ya daina fizgar mai ko ta ina, ya bi ta ƙofar ABCA1. Ƙirar ta burge ni, ba zan ɓoye ba. Amma faranti faranti ne.

Malam Sanusi: Nura ya faɗi gaskiya. Ni abin da nake tunawa shi ne labarin Limone, wani ƙauye a bakin tafkin Garda a Italiya. A 1980 aka ba da rahoton wasu mutane a can masu HDL ƙasa ƙwarai amma jijiyoyinsu lafiya lau, saboda wani nau'in apoA-I da aka sa wa suna Milano. A 2003 aka ɗura shi a jijiyar wasu 'yan marasa lafiya sau biyar, mako-mako, aka ga daskararren ya ragu. Duniya ta ɗauka. Pfizer ya sayi kamfanin da ke da maganin a kan dala biliyan 1.3. Da aka sake gwada shi a 2016, shiru kake ji.

Dakta Rabi: Ga kuma na kwanan nan, wanda ya amsa maganar Auwal kai tsaye. CSL112 apoA-I ne na gaske da aka tace daga jinin mutane, kuma tabbas yana ƙara ƙarfin kwasar. Aka ba mutum 18,219 da suka yi bugun zuciya, rabi magani rabi na bogi, giram 6 sau huɗu. Sakamako ya fito a 2024: cikin kwana 90, kashi 4.8 na masu magani sun sake samun bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ko sun rasu ta dalilin ciwon zuciya ko na jijiyoyin jini, na bogi kashi 5.2. Bambancin bai kai a ce ba dace ba ne. In uwar ba ta iya ba, ɗan kwaikwayonta fa?

Auwal: Ƙarin ruwa huɗu, Anti, a kan dattin da ya shekara talatin yana taruwa, kuma a jikin mutanen da yawancinsu suna kan statin! Wannan ai hujja ce a gare ni. Furotin ɗin jini ba ya samuwa da yawa, ba za a iya ba mutum shi shekara da shekaru ba. Feftayid kuwa haɗa shi ake yi, a sauya masa zobe yadda ake so. Semaglutide, maganin ciwon sukari da rage ƙiba, shi ma feftayid ne, allura ɗaya a mako, an gyara shi ya daɗe a jini.

Malam Sanusi: Semaglutide saƙo yake kai wa, ɗan miligiram ya wadatar. Naka ɗan dako ne, gwargwadon kaya gwargwadon yawan da ake bukata. Kuma ciki narkar da feftayid yake yi kamar kowane furotin. Shi ya sa 'yan jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjeles suka gwada D-4F, wanda aka gina da amino asid masu juyayyen fasali don kada ciki ya gane su. A ɓeraye ya yi abin mamaki tun 2002. A mutane kaɗan ƙwarai ne ya ratsa hanji ya shiga jini.

Nura: Ɓera kuma ba shi da furotin CETP da muke da shi, mai ɗauke kolesterol daga HDL ya miƙa wa LDL, wato kolesterol marar kyau, yawancin kolesterol ɗinsa ma a HDL yake. Sai an lalata masa ƙwayar gado kafin jijiyarsa ta toshe irin tamu.

Hajiya Binta: To ni tambayata ɗaya ce. Maigidana shekararsa shida yana shan atorvastatin, wani nau'in statin, kullum ƙorafi. In ya ji wannan zai ce a jira sabon.

Dakta Rabi: Don Allah Hajiya kada ya fasa ko na dare ɗaya. Babu ko ɗaya cikin feftayid ɗin nan da aka amince a rubuta wa mai ciwon zuciya. In ciwon jiki yake sa shi, ya gaya wa likitansa, ana rage yawan ko a sauya wani.

Auwal: A nan kam ban ja ba, Hajiya, ya ci gaba da sha. Na kuma janye "kawo ƙarshe", na yi zafin baki. Amma ban janye cewa ba a taɓa gwada feftayid na tsawon shekaru a dubban mutane ba, don haka ba a ce ya fāɗi ba tukuna.

Dakta Rabi: Ba a ce ya ci ba kuma. Wa zai zuba kuɗin wannan gwajin bayan abin da ya faru a 2024?

Nura: Auwal, ka zo in ba ka farantin da madubin. Ka fara nuna min ƙwayoyin suna raye bayan awa huɗu, sannan mu yi maganar dubban mutane.