Jiri yana hana ni wasa da gilashin VR

Assalamu alaikum. Don Allah ina neman shawara. Wata biyu ke nan da sayen gilashin VR (wanda ake sawa a ido, mutum ya ga kamar yana cikin wasan), amma duk wasan da ake tafiya a ciki alhali jikina yana tsaye, kafin minti 10 jiri ya ɗebe ni, zuciya tana tashi, har da gumi mai sanyi.

Na auna tazarar idanuna, milimita 63, na saita tabaran daidai. Na ɗaga saurin sauya hoto daga 72 zuwa 90 a daƙiƙa, na kunna fanka. Sauƙin kaɗan ne. Abin ya fi tsanani a tseren mota, kuma dominsa na saya.

Wanda ya taɓa fama da wannan, jiki yana sabawa kuwa? Minti nawa zan riƙa yi kullum?